Takalmi Ɗaya

Ƙarshen wata ne, aljihu ya yi gum.
Na zazzage kwalbar da ke saman firji,
tsaba ta zubo jefi-jefi kamar haƙoran tsohuwa.
Nergis ta fita aikin asibiti tun duku-duku,
ta bar min yara biyu da kashedi guda:
kada ka dawo min da su da tari.

Bora ya ce a je gidan lilo mai lantarki.
Na ce a'a, yau mu masu jirgin ruwa ne.
Wane jirgi?
Namu mana, mai fito daga Kadikoy,
wanda kuɗinsa bai fi na bas ba.
Nehir ba ta kai shekarun biya ba,
ta shige ta ƙarƙashin ƙarfen ƙofa
tana ɗaga kai, sai ka ce ubanta ya ƙera jirgin.

A jaka akwai dafaffen ƙwai huɗu,
tumatir, gishiri a ƙullin takarda,
da gorar ruwa da ta ga jiya ta ga yau.
Burodin riɗi ɗaya na saya, zagaye kamar awarwaro,
na gutsura uku.
Rabon Nehir bai ga cikinta ba,
tsuntsayen teku suka cafe shi a sama,
ta yi ta ƙyalƙyala dariya tana wutsil-wutsil da ƙafa
har takalmin hagu ya ce ga garinku nan.
Ja ne. Ya ɗan yi iyo,
ya juya sau biyu, ya nufi Bahar Marmara.

Na yi lissafi a zuci, na haɗiye.
An ce araha ba ta ado.

Daga nan wuyana ya zama abin hawa.
A gadar Galata masunta sun jeru,
wani dattijo, Hulusi, mai gashin baki kamar tsintsiya,
ya danƙa wa Bora sandar ƙugiya.
Minti goma yaron bai ce uffan ba,
abin da ni ban taɓa samu a gida ba.
Kifin da ya fito bai kai ɗan yatsa ba.
Suka dube shi, shi ma ya dube su,
aka mayar da shi wurin uwarsa.

Kasuwar kayan yaji muka ratsa a hankali,
don ƙamshi ba a awonsa.
Kirfa, kanumfari, busasshen na'a-na'a,
Nehir ta yi atishawa a tsakar kaina.
Muka ƙirga kyanwoyi: ta kan kujerar mai shayi,
ta cikin kwalin lemo,
wata mai ido ɗaya a tagar mai gyaran agogo.
Bora ya ce sha tara. Ni sha shida na gani,
amma wa zai ja da mai ƙididdiga?
Ƙwan ƙarshe nasa ne.

A harabar masallaci muka wanke fuska a famfo,
suka kori tantabaru, tantabaru suka dawo,
suka sake kora.
Wannan wasa ba shi da tikiti, ba a kuma tashi.

Da rana ta yi ja a bayan hasumiyoyi
muka hau jirgin komawa.
Shayi ɗaya a ɗan ƙaramin kofin gilashi,
ni na sha, su suka tsotse sukarin.
Nehir ta yi barci, ƙafa ɗaya cikin hulata.

Nergis na bakin ƙofa, ido a ƙasa, tana ƙirga ƙafafu.
Me kuka sayo?
Na buɗe baki, Bora ya riga ni:
Teku muka saya, Mama, dukkansa.
Nawa?
Takalmi ɗaya.